Tuwon bayan kasuwar hatsi a Saminaka

A duk garuruwan jihar Kaduna da nake bi sayen masara, babu inda nake cin tuwo hankalina ya kwanta kamar wata rumfa da ke bayan kasuwar hatsi a Saminaka. Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna a rubuce, kuma in ka buɗe Google Maps a wayarka ba abin da zai nuna maka a wurin. Kwano ne aka ɗora a kan azara, aka kewaye da zana ta gefe biyu, aka jera bencina. Amma tuwon da ake tuƙawa a cikinta ya fi na gidajen abinci masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki da na sani a Unguwar Rimi da Barnawa, kuma zan faɗi dalilina, har da abubuwan da ba su yi mini ba.

Sana'ata sayen masara da waken suya ne, ina kawo wa masu gidajen kaji na Kaduna. A Tudun Wada nake zaune, amma da kaka ta kama, daga wajen Oktoba har zuwa farkon sabuwar shekara, kwanana a waje ya fi na gida yawa: Giwa, Soba, Anchau, Pambeguwa, Saminaka. Wanda yake irin wannan yawo dole ya koyi inda zai sa wa cikinsa abu, domin ciki ɗaya ne, in ya lalace a ranar kasuwa cinikin ranar ya tafi ke nan.

Ga wanda bai san hanyar ba: daga Kawo ka kama hanyar Zariya, in ka kai Mararraban Jos ka karya dama, ka bi ta Pambeguwa, sai Saminaka, hedkwatar ƙaramar hukumar Lere. In ka zarce, Jos za ka faɗa. Gari ne na masara. Hausawa da Kurama da Fulani da sauran ƙabilun yankin duk noma suke yi, kuma ranar kasuwa da kaka tireloli ne jere ana loda buhuna zuwa kudu da Kano. To inda masara take da yawa haka, sai ka ɗauka kowane tuwon masara mai kyau ne. Ba haka ba ne. A bakin titin garin akwai masu abinci da dama, yawancinsu don matafiyan Jos suke dafawa, mutanen da za su tsaya minti ashirin su ci su wuce, ba za su sake dawowa ba balle su yi ƙorafi. Rumfar da nake magana a kanta ba ta ganin irin waɗannan baƙin. Abokan cinikinta 'yan dako ne da dillalai da masu awo da direbobin da ke jiran lodi, mutanen da za su dawo gobe su dawo jibi, kuma in gishiri ya yi yawa yau, gobe sai uwar tuwon ta ji a bakinsu tun kafin su zauna.

Tuwon shi ne dalilin zuwa, don haka a kansa zan daɗe.

Mafi yawan masu sayar da tuwon masara yanzu, musamman a cikin Kaduna, suna kai masara inji ne a ɓarza a niƙe gaba ɗaya, ko su sayi gari a buhu wanda ba su san ranar da aka niƙa shi ba. Tuwon irin wannan gari yana fitowa da gari-gari a baki, yana da ɗan warin dusa, in ya huce kuma sai ya farfashe. Mai rumfar nan, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta yarda da haka ba. Farar masara take saye, a surfa ta a fitar da dusa, a bakace, a wanke, a jiƙa ta kwana, a tsane a shanya ta sha iska, sannan a kai niƙa a tankaɗe da rariya mai laushi. Na san haka ne domin a hannun dillalin da nake hulɗa da shi take sayen masararta, kuma ya ce mini ta fi kowane mai gidan kaji tsanani wajen zaɓe. Sai ta zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga ƙasa, ta ciza ƙwaya ɗaya ta ji ko ta bushe, ta shinshina ko akwai warin maganin ƙwari. Masarar da ta sha damshi ta yi fumfuna ko kyauta ba ta karɓa. Ni da nake wannan sana'a na san muhimmancin haka, domin masara mai fumfuna ko kaji aka ba sai ta taɓa su, balle mutum.

A tukunyar ƙarfe babba ake tuƙin, a kan murhun itace. Ana yin talge a bar shi ya dahu sosai kafin a zuba gari, kuma a nan ne masu gaggawa suke cin amanar tuwo: in talge bai nuna ba, duk yadda ka iya muciya sai an ji ɗanyen gari. Wani ƙaton saurayi ne yake tuƙa mata da muciya mai tsayin mutum, ita kuma tana tsaye a kansa tana barbaɗa gari. In an gama sai a rufe a bar shi ya sulala, a sake tuƙawa, sannan a kwashe da mara. Malmalar tana zuwa fara ƙal, da santsi, tana da danƙo kaɗan, ba gudaji ko ɗaya. Ka yanko loma ba ta manne maka a yatsa, ba ta kuma wargajewa a cikin miya. Kuma ba a naɗe shi a leda. A babban kwano mai murfi ake jera malmalar, daga nan a sa maka a faranti. Tuwon leda, wanda ya zama yayi a ko'ina, yana jiƙewa da gumin kansa ya yi laɓa-laɓa a jiki, ga warin roba. Ban san wanda ya koya mana wannan ɗabi'a ba, amma bai yi mana gata ba.

Miya uku take yi kullum: kuka, busasshiyar kuɓewa, da taushe. Kukar ita ce gwanintarta. Koriya ce shar, ba irin baƙar kukar da ta kwana biyu a kasuwa rana ta dake ta ba, kuma an kaɗa ta da maburgi har ba ka ganin ƙulli. Daddawa ce ke riƙe da miyar, ta kalwa, kuma da yawa, har kana jin ƙamshinta tun daga bakin rumfa. Akwai citta da masoro da kanumfari a ciki daidai misali, da romon ƙashi. Dunƙulen magi tana sawa, ban ce ba ta sawa ba, amma ba shi ne ke jan ragamar ɗanɗanon ba kamar yadda ake yi a gidajen abincin birni, inda kowace miya, ko kuka ko agushi, ɗanɗano ɗaya take yi. Kuɓewar ma ba laifi. Taushen ne ban cika so ba: kabewa ta yi kaɗan, gyaɗa ta yi kaɗan, ruwa ya yi yawa. Duk wanda ya ci waina da miyar taushe a hannun matan Zariya ba zai yaba wannan ba.

Man shanu kuwa sai ka nema ake sa maka, da kuɗinsa daban. Ka nema. Fulanin rugagen kusa ne ke kawo mata ɗanye, ita ke soya abinta da albasa, shi ya sa ba ka jin an haɗa shi da man gyaɗa ko kitse kamar wanda ake sayarwa a kwalba a tasha. Cokali ɗaya a kan kukar nan da ɗan yajin daddawa a gefe, to magana ta ƙare.

Nama na sa ne da kayan ciki, wani lokaci da ganda. A nan akwai abin faɗa. Naman yana dahuwa, amma yankan ya ƙanƙance ƙwarai. Da can yanka ɗaya sai ka gatsa sau biyu ko uku, yanzu loma ɗaya ce. Na taɓa yi mata maganar cikin raha, na ce, “Inna, wannan naman ai sai an sa tabarau.” Ta ce, “Alhaji, je ka tambayi mahauta nawa suke ba ni. In ka samo mai arha, kawo in dafa maka kyauta.” Ban ja ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu abin da bai tashi ba, daga kuɗin niƙa har itace. Shawarata, ka bar tsokar ka nemi tumbi da hanji, sun fi auki, sun kuma fi shan romo.

Inda nake da ja da ita shi ne kuɗin tuwon kansa. Da masara ta yi tashin gwauron zabo a 2024, ta ƙara kuɗin malmala, kowa ya fahimta. Masara ta sauko a 2025, saukowa mai yawa har manoma suna kuka, ni shaida ne tunda ita nake saye, amma malmala ba ta sauko ba. Zuwana na baya-bayan nan, malmala biyu da miya da yankan nama biyu da man shanu da ruwan leda sun tasar mini naira 2,000. A Kaduna wannan kuɗin ba zai ba ka rabin haka ba a wurin da ake kawo maka takardar jerin abinci, gaskiya ne. Amma ga ɗan dako da ke ɗaukar buhu mai kilo 100 a ka yana karɓar 'yan canji, kuɗi ne. Na lura da yawa cikinsu yanzu gaya suke saye da miya ba nama.

Wasu ranakun, musamman da damina lokacin da ganye ya wadata, tana yin faten tsaki da safe. Ni mahaifiyata Bazazzagiya ce, saboda haka duk tsokanar da ake yi wa Zage-zagi a kan fate na sha ta tun ina yaro, kuma ina da bakin magana a kansa. Nata yana da rama da yakuwa da gauta da dakakkiyar gyaɗa, tsamin yakuwar ya fito, kaurinsa daidai. Ba zan ce ya kai na cikin birnin Zazzau ba, wajen Ƙofar Doka, inda ake zuba wake a ciki a yanka ɗanyar albasa a kai, amma in ka same shi da zafinsa ka sha. Ba ya kai ƙarfe goma.

Yanzu abubuwan da za su iya korar mutum.

Hayaƙi. Murhun yana cikin rumfar ne ta gefen gabas, in iska ta juyo sai ka ci tuwo kana hawaye, kuma rigarka za ta riƙe warin har ka koma gida. Wurin zama benci ne da dogon tebur da aka lulluɓe da leda, in an cika sai ka riƙe farantinka a hannu. Ranar kasuwa daga sha biyu da rabi zuwa bayan azahar cunkoso ne sosai, babu layi, wanda muryarsa ta fi ƙarfi shi ake fara sallama. In kai mai kunya ne za ka daɗe a tsaye. Mata ba su da wurin kirki, tabarma ce guda a bayan zana kusa da inda ake wanke-wanke, shi ya sa yawancinsu a kula suke saye su tafi. Da damina ƙudaje suna damun wurin, saboda kwatar ruwan wanke-wanken ba ta da nisa. Banɗaki babu, sai na masallacin kasuwa. Kuma 'yan matan da ke kai abinci, biyu daga cikinsu shekarunsu na makaranta ne, da hantsi kuma suna nan suna ɗauraye faranti. Wannan ba a rumfarta kaɗai ba ne, duk kasuwannin ƙauye haka suke, amma ba ya yi mini daɗin gani.

Tsabta kuwa, wadda ita ce ta fi damun matafiyi, na ba ta maki mai kyau, kuma ga abin da na duba. Wanke hannu da buta ake yi, yaro ya zuba maka ruwa ya zube a ƙasa, akwai sabulu. Ba irin robar nan guda da mutum goma za su tsoma hannu a ciki har ruwan ya koma kalar miya ba. Wanke-wanke a baho uku ake yi, na kumfa da na ɗauraya biyu, kuma ina gani ana sauya ruwan. Tukwanen miya a rufe suke a kan garwashi, suna tafasa a hankali har su ƙare. Abu mafi muhimmanci, abincin ba ya kwana. Kafin la'asar an kankare tukunya, ƙanzo ma akwai masu jiransa. Wurin da abinci ke ƙarewa da wuri ba ya samun damar ɗumama maka miyar jiya. Ruwan sha dai ka sayi na leda ko na gora, kada ka sha na randa, ba don na ga wani abu ba, sai don baƙon ciki da ruwan garin da bai saba ba ba su cika shiri ba.

Biyan kuɗi: ka riƙe tsaba. Ba ta da POS, tura kuɗi ta waya kuma sai dai a lambar asusun ɗanta, shi kuma ba kullum yake wurin ba, ga sabis da ke ɗaukewa ranar kasuwa in mutane sun yi yawa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da mutum zai wuni da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen ƙosai, littafi ta buɗe tana rubuta bashi, har da mu baƙi da ba ta san gidajenmu ba. Dillalinka kawai za ta tambaya. Wannan ya sa dillalai da yawa ba sa cin abinci a wani wuri ko da an buɗe sabo kusa da su.

Yadda na samo wurin shi ne yadda nake samo irinsa a kowane gari, kuma ba wani sirri ba ne. Matambayi ba ya ɓata, sai dai ya danganta da wanda ka tambaya. In ka tambayi ɗan acaɓa ina ne wurin abinci mai kyau, ya ga rigarka da agogonka, zai kai ka inda ake sayar da soyayyiyar shinkafa da kaza da lemon kwalba, domin a ganinsa abin da ya dace da kai ke nan, ga shi kuma ya fi nisa, kuɗinsa ya fi yawa. Ma'aikacin masauki ma haka. Ni masu awo nake tambaya, ko tsofaffin direbobin manyan motoci, kuma ba na cewa ina ne mai kyau. Cewa nake yi, “Baba, kai ina kake cin na rana?” Sau da yawa ma ba amsa zai ba ka ba, cewa zai yi bari in gama mu tafi tare. Bayan haka sai in duba abu biyu: shin akwai itace da toka da babbar tukunya a wurin, alamar a nan ake girkin, ko kuwa a kuloli aka kawo daga wani wuri tun safe? Sannan su wa ke zaune, 'yan gari ko matafiya?

Da wannan dabarar na samu wurare a wasu garuruwan, ko da yake babu wanda ya kai na Saminaka a wajen tuwo. A Pambeguwa, inda hanyar Zariya da ta Kaduna suke haɗuwa, abincin bakin titi na matafiya ne zalla, ban taɓa dacewa da tuwo ba, amma akwai masu balangu da yamma da ba su da laifi in ka tsaya aka yanka a gabanka. Makarfi garin rake ne, kuma abin da na fi tunawa da shi a can ɗanwake ne da man gyaɗa mai ƙamshin ƙuli. Ta kudu kuma, wajen Kachia da Kwoi inda ake noman citta, har zuwa Kafanchan, girkin ya sauya: a can ne za ka samu tuwon acca da faten acca, da farfesun da cittar cikinsa ba ta yi tafiyar ko kwana ɗaya ba. Acca kuwa a Kafanchan ba wahalar samu take ba. In kana kiyaye yanka, ka tambaya kafin ka zauna, ba wanda zai ji haushi, su ma sun saba da tambayar.

Masu ɗaukar bidiyon abinci a TikTok da Instagram sun cika Kaduna yanzu, kowane mako da sabon wurin shawarma da ake yabo. Ba na ganinsu a waɗannan garuruwa, kuma wataƙila hakan ya fi, domin rumfar Inna benci huɗu ne, ko mu ba ta ɗauke mu ba.

In za ka je, ka isa tsakanin sha ɗaya da rabi da sha biyu, lokacin an sauke tukunyar farko ba a fara turereniya ba. Ka shiga ta ɓangaren masu awon masara, ka tambayi kowane ɗan dako rumfar tuwon Inna, zai nuna maka da baki. Ka ce kuka da man shanu, da kayan ciki. Ka zauna ta yamma nesa da murhu. In kana son kai wa iyali, ka tafi da kularka, ka sa a zuba tuwon daban, amma ka ɗauki kuɓewa maimakon kuka, domin kuka in ta yi tafiyar awa uku a mota tana tsinkewa kafin ka kai Kawo.